Durɓi ta Kusheyi, Garin da Kaburbura Suka Riƙe wa Suna

Gabas da birnin Katsina, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai, a cikin ƙasar Mani, akwai wani ƙauye da ba ya cikin bakin 'yan kasuwa ko 'yan siyasa. Ƙasar wurin jigawa ce, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, ga fale-falen duwatsu nan da can, ga manyan kukoki. Damina takan zauna wata huɗu ta wuce, sauran shekara kuwa sai rijiya da ɗan abin da fadama ta riƙe. Mutumin Kankiya ko Kusada in ya je can ba zai ga baƙon abu ba, don ƙasar iri ɗaya ce da tasa. Abin da zai tsayar da shi kawai shi ne wasu tuddai da suka taso a tsakiyar gonaki, waɗanda da gani ka san hannun mutum ne ya tara su. Su ne kusheyin da garin ya ci sunansu.

Kushewa dai kabari ce, jam'inta kusheyi. Durɓi kuma sarautar Durɓawa ce, mutanen da tarihin baka ya ce su ke riƙe da wannan ƙasa tun ba a kafa birnin Katsina ba. Sarautar tana nan har gobe a fadar Katsina, kuma Muhammadu Dikko ita yake riƙe da ita kafin ya hau gadon sarautar Katsina. Sunan Katsina ma, a wata ruwaya, daga nan ya samo tushe: an ce sunan wata gimbiya ce 'yar Daura, matar Janzama sarkin Durɓawa.

Haka mutanenmu suke raɗa wa wuri suna, da abin da ido ya gani. A ƙasar Kankiya akwai Rimaye, jam'in rimi ke nan. Akwai Tafashiya, sunan itacen da ke son bakin ruwa, wanda masu magani suka san ɗacin saiwarsa. Akwai Kafin Soli da Kafin Dangi, kuma kafi shingen itatuwa ne da ake kewaye gari da shi a zamanin hari. Itacen yakan faɗi, shingen yakan ruɓe, sunan ya zauna yana ba da labari.

Ruwayar sarauta ta ce Kumayau, ɗan Bawo, jikan Bayajidda, shi ya fara mulki a Durɓi, aka yi ta gado har zuwa kan Sanau. Sai ga Korau daga 'Yandoto, wani tsohon gari da yanzu yake cikin Jihar Zamfara. Aka ce kokawa suka yi, aka ce matar Sanau ce ta tona asirin layarsa, Korau ya kayar da shi ya yanka shi da takobin nan Gajere, wanda har yau yana cikin kayan sarautar Katsina. Masana suna sanya wannan sauyi a wajen tsakiyar ƙarni na 15, kuma Muhammadu Korau ake ɗauka sarkin Katsina na farko Musulmi. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, maƙwabciyar Kankiya, ya yi dogon nazari a kan wannan a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. Abin da ya nuna shi ne, ba labarin jarumi ɗaya ba ne. Garuruwa ne masu yawa, kowane da dutsensa da iskokinsa da masu riƙe da shi, sannu a hankali aka haɗe su ƙarƙashin birni guda.

Duk wannan magana ce ta baka da ta takarda. Ƙasa kuma ta yi nata bayanin.

A 1907 jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer, tare da Sarki Dikko, ya sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan. An fito da tukwane da kayan ƙarfe, amma kayan sun salwanta, bayanin da aka rubuta kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan asara ce mai ciwo, domin kabari ba ya tonuwa sau biyu. In aka ɗaga abu ba a rubuta inda yake kwance da abin da ke kusa da shi ba, rabin shaidarsa ta tafi. A 1959 gwamnati ta sanya wasu tuddan, da kukokin da ake kira Kuka Katsi, cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare.

Haƙan da ya buɗe ido shi ne na 1992, wanda masana daga Jamus suka yi tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya. Tuddai uku suka buɗe, kowane da mamaci guda a tsakiyarsa, an binne shi da dukiya. An sami 'yan kunne da zobba na zinariya, da mundaye da tasoshin tagulla, da kayan hauren giwa, da duwatsun wuya na gilashi da na jan dutse, da wuri, har da ragowar tufa da fata da itace. A 2007 aka kai kayan wani gidan tarihi a birnin Mainz na Jamus don a gyara su a bincika, aka baje kolinsu a can a 2011 ƙarƙashin kulawar Detlef Gronenborn, sannan aka dawo da su Nijeriya a 2014. Awon shekaru ya nuna kaburburan ba na lokaci ɗaya ba ne: akwai na wajen ƙarni na 14, akwai na ƙarshen ƙarni na 15 zuwa farkon na 16.

A nan ya kamata mu dakata. Wuri ba ya fitowa a rafin Katsina, daga teku yake zuwa. Ɗaya daga cikin tasoshin kuwa aikin Gabas ta Tsakiya ne, irin na zamanin daular Mamluk da ta mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517. Kafin tasar nan ta iso ƙasar Mani sai da ta ratsa Sahara a bayan raƙumi, ta bi hannun fatake da dillalai da masu masauki. Ke nan a ƙarnin da Mansa Musa na Mali ya tafi hajji, a 1324, ana binne wani mai mulki da ƙasaita a wannan jigawa tamu, shi ma kuma ba a bayan duniya yake zaune ba. Ni a ganina wannan ya isa amsa ga masu cewa ƙasar Hausa ba ta san waje ba sai da Turawa suka zo.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaukar hankali. Binne mutum da kayan adonsa a tara masa tudu ba jana'izar Musulunci ba ce. Amma kabarin da ya fi kusa da mu a shekaru ya faɗo ne a zamanin da Musulunci ya riga ya zauna a fadar Katsina, zamanin da Shehu Magili ya zo ƙasar Hausa a shekarun 1490. Wato kokawar Korau da Sanau ba ta shafe Durɓawa dare ɗaya ba. Birni ya karɓi sabon addini da sabuwar sarauta, a Durɓi kuwa manya suka ci gaba da binne nasu yadda kakanni suka yi, da kayan da suka fito daga ƙasashen Musulmi a gefensu.

Kufai irin wannan ba a Mani kaɗai yake ba. Manomi a Kankiya ko Kusada ya san gonar da garma ke fito da sakainar tukwane da kashin maƙera, ya san inda kukoki suka yi cincirindo ba gida ko ɗaya kusa da su, alamar an taɓa zama a wurin. Masu yanka bulo da masu ɗibar ƙasa da tifa suna cin irin waɗannan wurare kowace rani. Dattawan da suka san sunan kowane kufai da wanda ya tashi daga cikinsa suna nan a Rimaye da Yashe da Kafin Soli, kuma ɗaliban tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tafiyar sa'a guda ce tsakaninsu da su.