Abin da Fara Ta Koya wa Masu Binciken Ƙwaƙwalwa

Wanda ya tashi a Damargu, tsakanin Tanut da Belbeji, ba a yi masa bayanin farin ɗango. Ya san a arewa suke ƙyanƙyasa, a Tamasna da gindin duwatsun Azbin, duk shekarar da hamada ta sha ruwa. Ya san ɓarnar da suka yi wa gero da ciyawar dabbobi a 1988 da 2004, da yunwar 2005 da ta biyo baya, lokacin da suka haɗu da ƙarancin ruwan sama. Amma mu da muke aikin binciken jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, wannan ƙwaron malaminmu ne. Da yawa daga abin da ake karantarwa yau game da yadda ƙwayoyin jijiya ke haɗa kai su haifar da motsi, a jikin fara aka soma ganinsa a sarari.

Mulkin mallaka na da hannu a ciki. A 1921 wani ɗan Rasha da ya koma Landan, Boris Uvarov, ya nuna cewa fara mai zaman kaɗaici da mai tafiya a ayari ƙwaro ɗaya ne, yanayi ne ke sauya shi. Don tsoron asarar amfanin gona a ƙasashen da suka mallaka, Turawan Ingila suka kafa cibiyar yaƙi da fara a Landan a 1945, suka ɗora shi a kanta. Cibiyar ta riƙa kiwon fara a keji tana raba wa masu bincike. Ga ƙwaro babba, mai arha, mai jure fiɗa na awoyi bai mutu ba, ga jijiyoyinsa manya. Masana suka yi masa caa.

A wancan zamani akasarin masana sun ɗauka cewa duk motsi mai maimaituwa, kamar tafiya ko tashi sama, amsa ce bayan amsa: fiffike ya sauka, jijiyar ji ta kai labari, sai a ba da umarnin ɗaga shi. Wani matashi Ba'amurke, Donald Wilson, da ke aiki a ɗakin binciken Torkel Weis-Fogh a Danmak, ya ɗaure fara a gaban iska, ya yanke jijiyoyin da ke kawo labari daga fukafukanta. Umarnin kaɗa fiffike bai tsaya ba. Saurinsa ne kawai ya ragu da kusan rabi. Wato tsarin bugun a ciki yake, cikin ƙullin jijiyoyin ƙirji. Ya buga wannan a 1961. An taɓa ganin irin haka a jikin kyanwa tun 1911, aka yi biris da shi. Sai da fara ta ba da shaida aka saurara. Yau mun san numfashinmu da taunarmu da tafiyarmu duk suna da irin wannan tsari, kuma a kansa masu neman tayar da waɗanda lakarsu ta samu rauni suke ɗora aikinsu.

Mutumin da ya ba fara shekaru masu yawa na rayuwarsa shi ne Malcolm Burrows. Bayan ya gama digirinsa na uku a Sikotilan, ya tafi Oregon ta Amurka wajen Graham Hoyle, kuma a 1973 suka fitar da aikin da ya sauya salon fannin. Suna ja gilashi a wuta har bakinsa ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, su cika shi da ruwan gishiri, su soka shi cikin ƙwayar jijiya guda ɗaya, ƙwaron na raye yana motsa ƙafa. Wanda bai taɓa zama a ɗaki mai duhu yana jiran lasifika ta soma tat-tat-tat na bugun ƙwayar ba, da wuya ya gane daɗin abin, da kuma takaicinsa, don tari ɗaya ko rufe ƙofa da ƙarfi ya isa ya fitar da tsinken, aikin yini ya tashi a banza.

Abin da ya sa wahalar ta biya shi ne ƙwayoyin jijiyar fara ana gane su ɗaya-ɗaya. Ƙwayar da ka samu yau a wannan fara, gobe za ka same ta a wuri ɗaya a jikin wata, da siffa ɗaya da aiki ɗaya, har a raɗa mata suna. Babbar tsokar da ke miƙe ƙafar baya, ƙwayoyi 2 kacal ke zuga ta, ɗaya mai sauri ɗaya mai jinkiri, alhali tsokar mutum ɗaruruwa ke sarrafa ta. Da haka ya yiwu a zana wa ke magana da wa.

A 1977, bayan ya koma Ingila, shi da William Heitler suka warware yadda fara ke tsalle. Tsoka ba ta da saurin da zai cilla ƙwaron kai tsaye. Sai ta naɗe ƙafa tukuna, sannan tsokar naɗewa da ta miƙewa su ja tare na kusan rabin daƙiƙa, ƙarfin ya taru a ɓawon gwiwa, kamar maharbi ya ja tsirkiya ya riƙe. Daga nan wasu ƙwayoyi su yi wa tsokar naɗewa tsawa ta saki, ƙafar ta fyaɗe cikin kusan kashi ɗaya bisa talatin na daƙiƙa. Umarnin ƙarshe na tsalle, ashe, umarnin dainawa ne. Shi da Melody Siegler kuma suka nuna akwai ƙwayoyin da ba sa yin tat-tat ɗin nan sam, a hankali suke ƙara murya su rage, amma su ke daidaita ƙafa. Littafinsa na 1996 kan jijiyoyin fara ya haura shafi 600, kuma ya shugabanci sashen nazarin dabbobi na Cambridge shekaru da dama. A ganina, babu wanda ya kai shi nuna cewa haƙuri da ƙwaro ɗaya ya fi tsalle daga wannan yayi zuwa wancan.

Idon fara ma ya ba da nasa. Hugh Rowell, wanda ya koyar a Makerere ta Yuganda a shekarun 1960, ya bi wata ƙatuwar ƙwaya da ke sauko da labarin motsi daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji. Daga baya Claire Rind da Peter Simmons a Newcastle suka nuna abin da ke tunkaro ƙwaron ne ya fi tayar da ita. Shi ya sa yaro ke shan wuya kafin ya cafke fara da rana. Masu ƙera mota sun yi sha'awar dabarar don na'urar kauce wa karo.

Tambayar da ta fi shafar manomin Damargu ita ce ta Uvarov: me ke mai da fara mai gudun ƴan uwanta ta zama ta ayari? A 2001 Stephen Simpson da abokansa a Oxford suka riƙa shafa sassan jikin fara da burushin fenti, suka gano cinyar ƙafar baya ce makunnin. Haka ke faruwa a hamada in ciyawa ta soma bushewa, ƙwarin suka cunkushe a ɗan koren da ya rage suna gogar juna. A 2009 Michael Anstey da Burrows da Simpson da wasu suka nuna cewa cikin awa 2 sinadarin sirotonin ya ninka kusan sau 3 a ƙullin jijiyoyin ƙirji, kuma in aka toshe shi, halin ba ya sauyawa. Jaridu suka yi ta shelar an gama da fara. Ba a gama ba. Sirotonin na jikin kusan kowace dabba, har da mu, ba abin da za a fesa a daji ba ne, kuma shi kunna sauyin yake yi, ba shi ke riƙe shi ba. Har yau feshin magani da sintirin ma'aikatan cibiyar yaƙi da fara ta ƙasa su ne kariyarmu.

Kusan duk wannan aiki a kan farin keji aka yi shi, waɗanda suka yi zuriya bayan zuriya ba su ga rairayi ba. Mu da ƙwaron ke kwana a bayan gidanmu ba mu cikin labarin. Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe, da abokansa sun tantance a 2021 takardun binciken jijiyoyi sama da 5,000 da aka yi a Afirka daga 1996 zuwa 2017. Masar da Afirka ta Kudu da Najeriya da Maroko da Tunisiya ke da kusan kashi uku cikin huɗu, kuma akasari ɓeraye ake amfani da su, ƙwari kaɗan ne ƙwarai. Alhali ƙungiyar TReND, da ta soma koyarwa a Yuganda a 2011, ta nuna da ƙwari da kayan arha ake horar da ɗalibi, kuma cibiyar da Maina ya kafa a Damaturu ba ta fi ƙarfin maƙwabci ya leƙa ba. Ina kira ga Jami'ar André Salifou ta Damagaram ta ware ɗaki ɗaya, ta haɗa kai da masu sintirin fara na Agadas, ta sa ɗalibanta su auna jijiyoyin farar daji a wurin da take sauya hali.