BABI NA UKU: TARIHIN AMFANI DA WAKEN SUYA WAJEN SASSAUTA LARURORIN ƊAUKEWAR HAILA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bibiyi tarihin yadda masana kiwon lafiya suka fara kyautata zaton cewa akwai tsirran da ke iya daidaita sinadaran jikin mace a lokacin da hailarta ke shirin ɗaukewa. Mafi yawan mata kan shiga wannan hali ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, yayin da sinadarin da ake kira istirojin ke raguwa a jikinsu. Raguwar tasa kan haddasa zafin jiki mai tasowa farat ɗaya da gumin dare da rashin barci da kuma raunin ƙashi. Babin zai fi mayar da hankali a kan waken suya, kasancewar shi ne aka fi yin bincike a kansa.

3.1 Zamanin Ƙwayar Istirojin

Ba za a fahimci dalilin komawa ga tsirrai ba sai an san abin da aka baro. A shekarar 1929 ne Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowannensu a nasa ɗakin bincike, suka tace nau'in istirojin na farko. A 1942 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Premarin, wadda ake sarrafawa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Kasuwar wannan ƙwaya ta bunƙasa bayan da likita Robert Wilson ya fitar da littafinsa Feminine Forever a 1966, inda ya ɗauki ɗaukewar haila a matsayin cuta mai buƙatar magani.

Sai dai a 1975 an wallafa binciken da ya nuna cewa shan istirojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa. Duk da cewa likitoci sun shawo kan matsalar ta hanyar haɗa shi da wani sinadarin mai suna furojestin, tsoro ya riga ya shiga zukatan mata da dama, har suka fara neman mafita daga abinci da itatuwa.

3.2 Tumakin Ostareliya

Wata hujja a kan cewa tsiro na iya yin aikin istirojin daga wajen makiyaya ta fito. A shekarun 1940 masu kiwon tumaki a yammacin Ostareliya suka lura cewa tumakinsu sun daina ɗaukar ciki, waɗanda suka ɗauka kuma suna shan wahalar haihuwa. Har raguna da aka dandaƙe aka riƙa gani suna fitar da nono. A 1946 Bennetts da abokan aikinsa suka danganta wannan annoba da wata ciyawa dangin wake mai suna kuloba, wadda tumakin ke kiwo a cikinta. Daga baya aka gano cewa ciyawar na ɗauke da sinadaran da ake kira aisofilabon, waɗanda ƙirarsu ta yi kama da ta istirojin. A cikin tumbin tunkiya ɗaya daga cikinsu kan rikiɗe ya zama wani sinadari mai ƙarfi da ake kira ikwal, wanda tun 1932 aka fara samun sa a fitsarin goɗiya. Waken suya yana cikin abincin ɗan Adam da suka fi yawan aisofilabon, don haka masana suka fara tambayar ko abin da ya cutar da tumaki zai iya amfanar macen da istirojin ɗinta ya ragu.

3.3 Matan Japan

Wannan tambaya ta samu ƙarfi ne daga binciken Margaret Lock, masaniyar al'adun al'umma ta Jami'ar McGill da ke Kanada. A shekarun 1980 ta bincika mata sama da 1,000 a Japan, ta kuma bayyana sakamakon a littafinta Encounters with Aging na 1993. Ta gano cewa kimanin mace 1 cikin 10 ce ta ce ta ji zafin jiki mai tasowa a makonni 2 da suka gabaci tambayar, alhali a Kanada da Amurka kimanin 1 cikin 3 ce. Abin da matan Japan suka fi kuka da shi shi ne sagewar kafaɗa. Lock ta danganta bambancin da haɗuwar al'ada da harshe da yanayin rayuwa da abinci, domin harshen Japananci ba shi da kalma guda da ta keɓanta da wannan zafin jiki.

A 1992 masanin ƙasar Finland Herman Adlercreutz da abokansa suka kawo shawarar cewa mai yiwuwa waken suya ne sirrin, ganin yadda Japanawa ke cin sa tun suna yara. Kamfanoni suka riƙe wannan zato tamkar tabbatacciyar magana, suka cika kantuna da ƙwayoyin aisofilabon.

3.4 Daga 2002 Zuwa Gaba

A watan Yulin 2002 aka dakatar da wani babban gwaji da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa, wanda ya ƙunshi mata 16,608. An gano cewa haɗin istirojin da furojestin ya ƙara mata 8 masu sankarar mama a cikin kowace 10,000 a shekara, ga kuma ƙarin haɗarin daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Miliyoyin mata suka ajiye ƙwayar, da yawansu suka koma ga na tsirrai. Daga baya ne aka ja hankali cewa matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, kuma haɗarin ya fi sauƙi ga macen da ba ta kai 60 ba.

Shi ma waken suya an gwada shi. A 2013 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 43, ta ce babu tabbatacciyar hujja cewa istirojin na tsirrai yana rage zafin jiki, ko da yake wasu gwaje-gwajen sun nuna ɗan sassauci. Abubuwa biyu ne suka dagula sakamakon. Na farko, matan da aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta su ma sukan ce sun ji sauƙi. Na biyu, ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji ne ke mayar da aisofilabon ya zama ikwal, kuma kusan rabin mutanen gabashin Asiya ne ke da su, yayin da a Turai da Amurka ba su wuce 1 cikin 3 ba. Wato ke nan mata biyu na iya cin abinci iri ɗaya, jikinsu ya yi aiki da shi daban. A 2023 ƙungiyar likitocin ɗaukewar haila ta Arewacin Amurka ta ƙi sanya waken suya da sauran itatuwa cikin abubuwan da take ba da shawara a kansu, amma ta amince da rage ƙiba da kuma horon sarrafa tunani a hannun ƙwararru.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda zaton da ya faro daga garken tumaki ya ratsa ta Japan har ya zama babbar kasuwa kafin a tabbatar da shi. Wannan tarihi ya shafi matan ƙasar Hausa, domin awara da madarar waken suya sun zama abincin yau da kullum. Abinci ne mai gina jiki kuma mai araha, amma hujjar da ke hannu ba ta kai a kira shi magani ba. Macen da larurorin suka tsananta gare ta, musamman wadda jini ya dawo mata bayan ya ɗauke na tsawon shekara, asibiti ya kamata ta nufa, domin wani lokaci hakan alamar sankarar mahaifa ce.