Zaure da Tsakar Gida: Bahasi a Kan Isnadin Binciken Al'umma

Daga cikin mas'alolin da malaman ilmin zamantakewa suka daɗe suna saɓani a kansu akwai wannan: shin haƙiƙanin halin al'umma ana samunsa ne ta hanyar ƙidaya, wato a rarraba takardun tambayoyi ga mutane dubu a tattara amsoshinsu a mayar da su alƙaluma, ko kuwa ta hanyar zama da mutane kaɗan tsawon lokaci, a koyi harshensu, a ci abincinsu, a halarci sunansu da jana'izarsu, har a fahimci ma'anar abin da suke aikatawa? Wannan tafarki na biyu, wanda Turawa ke kira etinogirafi, ana jingina kafuwarsa ga Malinowski, wanda ya zauna a tsibiran Torobiriyan lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya fitar da littafinsa a 1922. Ra'ayina shi ne wannan tafarki ya fi isa ga gaskiyar da ke ɓoye, amma hujjarsa ba ta tsayuwa sai mai bincike ya bayyana isnadinsa, kamar yadda malaman Hadisi suka shar'anta wa mai riwaya.

A shekarar 1949 wani masani ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, yana bincike a ƙasar Zazzau a kan tattalin arziki da sarauta, kuma duk da ƙwazonsa da kaifin basirarsa, kasancewarsa namiji baƙo ta sa iyakarsa zaure, domin a gidan da ake kulle, namijin da ba muharrami ba ba ya wuce nan. Matarsa Mary ita ce ta shiga tsakar gida, ta saba da wata dattijuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta zauna da ita makonni tana rubuta maganarta da Hausa daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950. Baba ta rasu a 1951, littafin rayuwarta kuwa ya fito da Turanci a 1954. A cikinsa akwai labarin harin bayi da zuwan Nasara, da aure da saki da ƙawance da bori, duka ta bakin macen da ta gani da idonta.

To, a ƙaddara malamin ƙidaya ya zo wa Baba da takardarsa ya tambaye ta yawan 'ya'yanta. Baba ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, saboda haka sifiri zai rubuta ya wuce, alhali kuwa ta riƙi 'ya'yan dangi ta raine su, kuma riƙo a wurin Bahaushe wata uwantaka ce mai haƙƙoƙinta da wajibanta. Bugu da ƙari, macen da ta haihu ɗin ma tana jin kunyar ɗan farinta har ba ta ambaton sunansa, mutane da yawa kuwa ba sa son ƙidaya 'ya'yansu a gaban baƙo. Saboda haka adadin da aka rubuta zai iya zama sahihi a lissafi, ɓatacce a ma'ana. Haka nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a maƙalarta ta 1969 cewa matan da ke cikin kulle suna gudanar da ciniki mai yawa na hatsi da dafaffen abinci daga ɗakunansu, yara suna yi musu talla da aike, cinikin da wanda ya tsaya a kasuwa yana ƙirga rumfuna ba zai san da shi ba har abada.

Sai dai mai suka yana da hujja mai ƙarfi wadda bai kamata a raina ta ba. Zai ce: Baba mace ɗaya ce, tsohuwa, mai tuno abin da ya auku shekara hamsin baya, tana kuma magana da Baturiya a zamanin da Turawa ke mulki, to ta yaya za a gina hukunci a kan dukan matan Hausa bisa maganarta? Zai ƙara da cewa shi kansa Malinowski, da aka buga littafin sirrinsa a 1967, an ga yana ɗauke da ƙyama da ƙosawa ga mutanen da ya rubuta labarinsu, lamarin da ya nuna cewa idon mai gani ba ya kuɓuta daga son zuciya.

Jawabin wannan suka tsoho ne a wurinmu. Malaman Hadisi ba su jefar da labarin mutum ɗaya don kaɗaicinsa ba, ba su kuma ɗaukaka shi zuwa matsayin mutawatiri ba. Abin da suka yi shi ne su binciki adalcin mai riwaya da kiyayewarsa, su tambayi daga wa ya ji, a ina, ta wace hanya, sa'an nan su gwada matanin da sauran riwayoyi. Ibn Haldun ma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya lissafa sabuban da ke shigar da ƙarya cikin labari, daga cikinsu akwai ta'assubanci, da yawan amincewa da mai kawo labari, da neman kusanci ga masu mulki, da jahiltar ɗabi'ar zamantakewa. Darajar littafin Baba ta tabbata ne domin an bi kwatankwacin wannan ƙa'ida: an faɗi wadda ta yi magana, da wadda ta rubuta, da lokaci da harshe, mijin marubuciyar kuma ya sa gabatarwa da sharhi yana gwada maganarta da abin da ya samo daga bakin maza.

Bisa ga haka, wajibi ne a kan ɗalibinmu na Zariya ko Kano ko Damagaram, idan ya fita bincike, ya rubuta a fili ko shi wane ne a idon mutanen da ya zauna da su, wa ya gabatar da shi, ko dagaci ne ya zaɓa masa waɗanda zai gana da su, da kuma ƙofar da aka rufe masa. Kasancewarsa ɗan gida ba ta ɗauke masa wannan wajibi, domin ɗan gida ma yana da jinsi da dangi da matsayi, kuma sabo yakan makantar da shi ga abin da baƙo zai tsaya ya tambaya. Maganar da aka gaya masa a tsakar gida amana ce, sai ya nemi izini kafin ya yaɗa ta, ya sakaya sunan wanda bayyanarsa za ta cutar. Wanda iyakarsa zaure kuwa, ya ce daga zaure ya ji, don mai karatu ya san gwargwadon abin da zai ɗora a kan riwayarsa.