Sirrin Waya da Saƙonni a Nijar: Wa ke Ba da Izinin Saurare?

Sirrin sadarwa shi ne haƙƙin da kowane mutum yake da shi na cewa ba za a buɗe wasiƙarsa ba, ba za a saurari wayarsa ba, ba za a karanta saƙonsa ba, sai da yardarsa ko bisa ƙa'idar da doka ta shimfiɗa. Kundin tsarin mulkin Nijar na shekarar 2010 ya rubuta wannan haƙƙi a aya ta 29. An jingine kundin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƴancin ɗan ƙasa da na siyasa tun 1986, kuma aya ta 17 ta wannan yarjejeniya ta hana kutsawa cikin wasiƙun mutum da sirrin gidansa ba bisa ƙa'ida ba.

Wannan haƙƙi yana da iyaka. Kowace ƙasa tana bai wa jami'an tsaro damar sauraren wanda ake zargi da babban laifi. Inda ake samun saɓani shi ne: wa ke ba da izini, har tsawon wane lokaci, kuma wa ke binciken mai sauraren?

Abin da ake iya sani daga wayar salula

Sauraren murya ɓangare ne kawai. Kamfanin waya yana ajiye bayanin kowane kira: lambar da ta kira, wadda aka kira, lokaci, tsawon hirar, da eriyar da wayar ta kama a lokacin. Da wannan kaɗai ana iya gane inda mutum ya kwana da waɗanda yake hulɗa da su, ko da ba a ji kalma ɗaya daga bakinsa ba. Tun da aka wajabta rajistar layi da takardar shaida (a 2013 an yanke layuka masu yawa a Nijar saboda rashin rajista), kowace lamba tana da suna a bayanta. Shi ya sa wanda ya ara wa wani layinsa, ko ya yi wa wani rajista da katinsa, ya ɗauki kayan da bai san nauyinsa ba.

Shari'ar Musa Kaka

Babu shari'ar da ta fito da wannan batu fili a Nijar kamar ta Musa Kaka, daraktan rediyo Sarauniya kuma wakilin RFI a lokacin. An kama shi a Yamai ranar 20 ga Satumba 2007, lokacin tawayen ƙungiyar MNJ a arewacin ƙasa. Hujjar da aka dogara da ita ita ce hirarrakin waya da aka naɗa tsakaninsa da madugun ƴan tawayen, Agali Alambo. Hukuma ta ce haɗin baki ne. Shi kuma ya ce aikin jarida ne, domin ɗan jarida ba ya ba da labarin rikici ba tare da ya ji ta bakin kowane ɓangare ba.

A watan Nuwamba 2007 alƙalin bincike ya yi watsi da faya-fayan, ya ce ba a naɗe su bisa doka ba. A Fabrairu 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci. A Yuli 2008 aka sake samun alƙalin bincike da ya ce babu abin tuhuma, mai gabatar da ƙara ya ɗaukaka, Musa Kaka ya ci gaba da zama gidan kaso. Sai ranar 7 ga Oktoba 2008 aka yi masa sakin talala, bayan kwana 384.

Abin lura a nan shi ne, watanni da dama alƙalai suna ja-in-ja a kan tambaya ɗaya: shin abin da aka saurara ba da izinin alƙali ba yana zama hujja a gaban kotu? Ko me aka ce game da tsawon tsarewar, a lokacin an samu alƙalin da ya dubi faya-fayan hukuma ya ce bai karɓa ba.

Dokar 2020

Ranar 29 ga Mayu 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta halatta sauraren wasu hanyoyin sadarwa. Ƴan majalisa na adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar. Gwamnati ta kafa hujja da matsalar tsaro, kuma ba wasa ba ce: watanni kaɗan kafin nan an kashe sojoji 71 a Inates da 89 a Shinagodar. Dalilan saurare da dokar ta lissafa sun haɗa da tsaron ƙasa, yaƙi da ta'addanci, manyan laifuka masu ƙetare iyaka, katsalandan daga waje, da kare muradun tattalin arziki.

Sai dai dokar ta ɗora ikon ba da izini a hannun shugaban ƙasa, ba a hannun alƙali ba. Ta kafa kwamitin sa ido, amma ɓangaren zartarwa ke naɗa mafi yawan membobinsa. Ƙungiyoyin fararen hula sun yi suka a kan haka, kuma a ganina sukar tana da tushe. Shugaban ƙasa ɗan siyasa ne mai abokan hamayya. Idan shi ne mai nema kuma shi ne mai ba da izini, ɗan adawa da ɗan jarida ba su da wurin kai kuka. Ga shi kuma wanda aka saurara ba ya sani, balle ya shigar da ƙara. Kalmomi irin su katsalandan daga waje suna da faɗi ƙwarai, kusan kowace hira da baƙo tana iya shiga ciki.

Daga saurare zuwa hukunci

Abin da ya fi shafar talaka shi ne dokar laifukan intanet ta 2019. Aya ta 31 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ga wanda ya yaɗa bayanin da zai iya tada zaune tsaye. A Afrilu 2020 an kama wata ma'aikaciyar kotu a Yamai saboda wata hira ta WhatsApp da ta soki yadda gwamnati ke tafiyar da annobar korona. An yanke mata ɗaurin talala na wata 3. Hirar ba ta fili ba ce, amma ta kai ta gaban alƙali.

A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, aka bar tara. A watan Yuni 2024 gwamnatin soja ta maido da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da zai iya tada zaune tsaye, tare da tara da ke iya kai miliyan 5 na sefa.

Mutane da yawa suna dogara da cewa saƙon WhatsApp a kulle yake. Gaskiya ne tun 2016 kamfanin ya kulle saƙonni ta yadda ba a iya karanta su a kan hanya. Amma kullin yana ƙarewa ne a wayar mai karɓa. Saƙon murya da aka saka a gungun mutum ɗari, kowanensu yana iya tura shi gaba, kuma wayar da aka karɓe a komisariya tana ɗauke da duk abin da ke cikinta. Haka kuma dokar ta ambaci wanda ya shirya bayani, da wanda ya miƙa shi ga wani, da wanda ya yaɗa shi. Don haka wanda ya danna ya tura muryar da bai san mai ita ba, shi ma yana iya fuskantar tuhuma kamar wanda ya naɗa ta.