Seres ta Rum da Uwar Gona ta Gobir: Wa Ke da Hatsi?

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin addinin Anna na kwarin Gulbin Maradi da ya yi karatun Faransanci, da ya ji sunan Uwar Gona sai ya tuna da Dimita ta Girkawa ko Seres ta Romawa. A wannan maƙala muna son mu nuna cewa kamar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfi a fagen siyasa. A wuraren biyu, bautar da ta shafi noma tana hannun waɗanda ba su riƙe da sarauta.

2.0 Seres da talakawan Rum

Marubutan Rum sun ce an yi alkawarin gina wa Seres ɗakin bauta a shekarar 496 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), lokacin wata yunwa, aka buɗe shi a 493 kusa da tudun Abentin. Tsakanin shekarun nan biyu, a 494, talakawa suka ƙaurace wa birni saboda nauyin bashi da danniyar manyan gidaje. Ɗakin Seres ya zama cibiyarsu. Jami'an da suka zaɓa ne ke kula da shi, kuma masanin tarihi Libiyus ya ce daga 449 a can ake ajiye kudurorin majalisar dattawa, don kada masu mulki su sauya su a ɓoye. Bikinta yakan kama daga 12 zuwa 19 ga Afrilu.

3.0 Uwar Gona a Tsibiri da kewaye

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa ƙarƙashin Sarki Mayaƙi suka kafa Tsibiri, kusa da Maradi inda Katsinawa suka riga suka zauna. Sarakunan nan Musulmi ne da suka zo da dawaki da fada. A ƙauyukan kwarin kuwa, har zuwa Jiratawa, akwai Anna masu gadon ƙasa da tsafinta.

Guy Nicolas, wanda babban littafinsa kan wannan kwari ya fito a 1975, ya bayyana yadda maigida ke yi wa iskokin gado yanka, irin su Kure da Uwar Gona, domin albarkar gandu. Ya kuma bayyana bikin dubu: manomin da ya tara damen hatsi dubu yakan yi biki ya rabar da dukiya mai yawa, sannan a kira shi sarkin noma. Wannan suna aikin hannunsa da kyautarsa ne suka ba shi. A fadar Tsibiri kuma akwai Inna, mace daga gidan sarauta mai shugabantar ƴan bori, wadda ta hanyarta fada ke da ƙafa cikin sha'anin iskoki.

4.0 Inda kwatancen ya tsaya

Seres tana da gini da gunki da ranaku a kalandar hukuma. Uwar Gona iska ce, a ƙarƙashin Allah take ko a bakin Anna, kuma hidimarta ta gida da dangi ce. Saboda haka fassara ta da kalmar Faransanci déesse na sa mai karatu ya zaci tsarin Girkawa ne. Ƙarshensu ma ya bambanta. Dokokin Sarki Tiyodosiyus na 391 da 392 ne suka haramta yankan tsafi a daular Rum, alhali a kwarin Maradi mafi yawan Anna sun musulunta sannu a hankali cikin ƙarni na 20.

5.0 Kammalawa

Muna ganin tarihin Gobir da aka tsaya ga jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe ya bar rabin labari. Sarki na da doki da takobi, amma rumbu na wurin manomi. Ya kamata ɗalibanmu su nemi dattawan Tsibiri da Jiratawa su rubuta abin da suka riƙe game da dubu da yankan gona, da kalmomin da su kansu ke amfani da su.