Ganuwar Gaya: Yadda Kakanninmu Suka Tsare Rai Da Dukiya A Ƙauye

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tarihi ne, na ƙasar Gaya da Ajingi da ke gabashin Kano, idan an haye gadar Wudil. Abin da ya sa na ɗauko shi kuwa, a 'yan shekarun nan duk majalisar da mutum ya zauna hirar ɗaya ce: an tashi ƙauye kaza a Zamfara, wane a Katsina ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa. Shi ne na ce bari mu duba yadda mutanen da suka tsare ransu da dukiyarsu, tun da Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Labarin da aka gada kaka da kakanni ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama, suka zauna, kuma su ne ake kira Abagayawa. Littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci zuwan Agalfati Sarkin Gaya, ɗan Sarkin Machina, a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452 zuwa 1463). Wato dai Gaya ita ce ƙofar Kano ta gabas, inda fatake da malamai daga Barno ke biyowa. To amma ƙofar da baƙon arziki ke shigowa, ta nan mahari ma ke shigowa.

A zamanin Sarkin Kano Dadi (1670 zuwa 1703) Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai haraji birni ba, har aka yaudare shi aka kashe shi. Sai ga ikon Allah, 'yarsa Maryama ce ta haifi Muhammadu Sharefa, wanda ya gaji Dadi ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. A zamaninsa Zamfarawa suka ci Kanawa da yaƙi, wannan ne ya sa ya gina wa Gaya ganuwa, tare da Takai da Tsakuwa da Gano da Dawaki. Sai dai wannan Sharefan ne kuma tarihi ya ce ya ƙirƙiro haraji iri-iri, har da na kasuwar Kurmi da na auren budurwa. Ka ga ke nan ganuwa ta tsare talaka daga mashin baƙo, amma ba ta tsare aljihunsa daga hannun na gida ba.

Ita ganuwa aikin gayya ce. Ana haƙa ƙasa a gina bango, ramin da aka bari ya zama gwalalo a bayansa. A cikinta akan bar fili na noma da rijiyoyi da rumbuna, domin in an kewaye gari kada yunwa ta buɗe wa abokan gaba ƙofa. Ƙananan ƙauyuka da ba su da ƙarfin gina bango sai su yi kafi na itace da ƙaya. Magariba na yi a rufe ƙofa, sarkin ƙofa ya san duk wanda ya shigo da wanda ya fita.

Ƙarni na 19 bai zo wa gabashin Kano da sauƙi ba. Daga gabas ga Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye har ya rasu a 1863. Daga kudu ga Ningawa, waɗanda asalin tafiyarsu Malam Hamza ne da ya bar Tsakuwa a shekarun 1840 saboda rikicin kuɗin ƙasa. Sannan ga Basasa daga 1893 zuwa 1895, lokacin da Yusufawa suka yi sansani a Takai suna yaƙar Sarki Tukur. Kakata ta wajen uwa, mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Ajingi, takan ba mu labarin da ta ji daga bakin tata kakar, cewa a wancan zamani ba a zuwa gona mai nisa sai an haɗu da yawa, a sa yaro ya hau bishiya yana leƙen ƙura. Da ya hango dawaki sai ya yi kururuwa, kowa ya yar da fartanya ya nufi kafi.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 hare-haren kama bayi suka tsaya, mutane suka riƙa fita daga cikin ganuwa suna kafa gidaje kusa da gonakinsu. Wasu daga cikin ƙananan unguwannin da ka gani a warwatse tsakanin gonaki a ƙasar Kano haka suka samu. To da babu bango, me ya tsare su? Sanin juna. Mai unguwa ya san kowane magidanci, dagaci ya san iyakar kowace gona, ko ta gado ce, ko aro, ko jingina, ko saye. Baƙo kuwa ba ya kwana a gari sai an kai shi wajen mai unguwa, a ba shi masauki, a ji daga ina yake, ina kuma ya nufa. Maimasaukinsa shi ke ɗaukar nauyinsa: in an cuce shi ya tsaya masa, in shi ya yi ɓarna a tambayi maimasauki. Ba na cewa zamanin ba shi da zalunci. Haraji da jangali da aikin tilas sun sa talakawa da yawa kuka, wasu har gudu suka yi suka bar gonakinsu.

Daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi. A 1978 dokar ƙasa ta mayar da filaye hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar gonakin karkara. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun yi gaskiya. Sai dai ƙidayar gida-gida da mai unguwa ke yi duk shekara saboda haraji ita ma ta tafi, ba a kawo wani abu a madadinta ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 sai Gaya da Ajingi suka koma bakin iyaka. Ƙidayar 2006 ta nuna Gaya na da mutum sama da 200,000, Ajingi sama da 170,000. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun tsuke, ikon mai unguwa ya ragu.

Ita kanta sarautar ta sha juyi. A 2019 Gwamna Ganduje ya ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe wannan tsari, a watan Yulin shekarar kuma aka dawo da ita a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Manomin ƙauye dai abin da ya dame shi ɗaya ne: wa zai kai wa kuka idan an kore masa shanu, ko an ci masa iyakar gona?

Sai batun yawon buɗe ido. A 2007 aka sa ganuwar Kano da wasu wuraren tarihi a jerin waɗanda ake neman UNESCO ta amince da su, a 2024 kuma hukumar ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Amma baƙin da ke zuwa iyakarsu Dala da Kurmi da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, kuma tun harin 20 ga Janairun 2012 ƙafarsu ta ragu sosai. Da wuya ka ji an kai ɗalibai su ga garin da aka ce daga cikinsa maƙeran Dala suka fito. A garuruwanmu da dama an kwashe ƙasar ganuwa an yi bulo, gwalalo ya zama juji, tsofaffin da suka san sunayen ƙofofi suna ta ƙarewa.

Ni a ganina gyaran ba sai an jira Abuja ba. A sa kowane mai unguwa ya riƙe littafin gidaje da baƙi, a kuma biya shi abin da zai hana shi kwaɗayi. Duk cinikin gona a rubuta shi gaban dagaci da shaidu, a kai kwafi ƙaramar hukuma. Malaman tarihi na makarantun Gaya da Ajingi su tura ɗalibai su ɗauki muryar tsofaffi da waya tun suna raye. Mu marubuta kuma ga kayan labari nan zube, daga Farin Dutse da jikansa Sharefa zuwa yaron da ke kan bishiya yana leƙen ƙura. Baƙo ba ya zuwa inda mai gida ke kwana da ido ɗaya, in kuwa mai gida ya yi barci lafiya, baƙo da kansa zai nemi hanya.

Allah Ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, Ya ji ƙan magabatanmu, amin. Wassalamu alaikum.