Daga Ƙwarya zuwa Leda: Nono, Alkama da Mai Saye a Ƙasar Ƙonni

A ƙasar Ƙonni da Adar, tun kaka da kakanni, mai sayen nono ba ya neman takarda kafin ya sha. Mai tallar nono sananniya ce, an san rugarsu, an san shanunsu. In ta buɗe faifai, ido da harshe ke alƙalanci: wannan kindirmo ne mai kauri da ba a cire masa mai ba, wancan tsala ce da aka kaɗa aka tsame man shanu. Ko da an yi ha'inci, iyakarsa a tsinka nonon da ruwa a mayar masa da kauri da garin ƴaƴan kuka. Abokin tafiyar nono kuwa gero ne, wato fura, ko hura a bakin mutanen yankin. Manomi ya ba da hatsi, makiyayi ya ba da nono, kasuwanni irin ta Badagishiri a ƙasar Illela suka zama mahaɗarsu.

Abin lura a wannan tsohon tsari shi ne babu alkama a ciki. Hausawa sun daɗe da saninta, sunanta ma daga Larabci ya zo, amma ta zauna a matsayin abincin alfarma: alkaki, finkaso da taliyar biki. Cimar yau da kullum gero ce da dawa, kuma dukansu ba su ɗauke da gulutin, wato sinadarin nan mai yauƙi da ke sa kwaɓin alkama ya miƙe, wanda ake samu kuma a sha'ir.

Rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ya sauya wannan. Kamfanin siminti na Malbaza, da aka kafa a shekarun 1960, ya kawo ma'aikata masu albashi, masu karyawa da burodi da shayi. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karkashe dabbobi, taimakon abinci ya shigo da alkama da madarar gari. Fadamar noman rani ta Ƙonni, wadda madatsun Mozage da Zongo ke shayarwa, ita ma ta sa alkama cikin amfanin da ake nomawa. Ta fuskar nono kuma, gwamnati ta kafa ma'aikatar OLANI a Yamai a 1970, aka sayar da ita ga ƴan kasuwa a 1998 ta koma SOLANI, bayan Niger-Lait ta fara aiki a 1994. Yawancin yogot ɗin masana'antu da madarar garin da aka shigo da ita daga waje ake yin sa. Ledar ta karɓu har sunan "solani" ya zama sunan kowane yogot na leda. Nono ya sami tsabta da sanyin firij, amma mai shan sa ya daina sanin hannun da ya haɗa shi.

Ga mafi yawan jama'a wannan ba abin damuwa ba ne. Amma akwai waɗanda gulutin ke lalata musu bangon ƙaramin hanji, cutar da likitoci ke kira siliyak. Alamunta sun haɗa da zawo mai daɗewa, kumburin ciki, ƙarancin jini da tsumburewar yaro. Wani likitan yara a Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da hannun alkama a ciki. A yunwar da ta afka wa ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, burodi ya yanke, sai yaran da yake jinya suka murmure. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. Ya bayyana sakamakon bincikensa a 1950. An daɗe ana ɗaukar cutar ta Turawa ce, har 1999, lokacin da aka auna yaran Saharawi a sansanonin gudun hijira na Aljeriya, aka tarar fiye da 5 cikin 100 na ɗauke da ita, alhali a duniya kimanin 1 cikin 100 ne. Waɗannan yara ƴaƴan makiyaya ne da garin alkamar taimako ya zame musu cima. Darasin bai yi nisa da mu ba, domin a Sahel irin waɗannan alamu kan saje da na tamowa.

To, me wannan tarihi ke koya wa mai tsayawa gaban firij a wani kanti na Birnin Ƙonni ko Galmi? Madara da ƙwayoyin da ke tsamar da ita ba su da gulutin. Abin da aka ƙara ne ke kawo shi. Yogot zalla, wanda jerin kayan haɗinsa bai wuce madara, ƙwayoyin tsami da sukari ba, shi ya fi aminci. Mai ɗanɗano, ko mai gutsattsarin biskit ko hatsi, sai an karanta: "blé" alkama ce, "orge" da "malt" sha'ir ne. Sitacin masara ko na rogo ba laifi. Yogot mai gero a samansa ko a cikinsa, a tabbatar gero ne zalla, ba kuskus na alkama ba, kuma ba a niƙa shi a injin da ke niƙa alkama ba. Ƙa'idar duniya ta 2008 ta ce ba a rubuta "sans gluten" sai gulutin bai wuce miligiram 20 a kilo ba. Ledar da ba ta da jerin kayan haɗi ko ranar lalacewa, a bar ta. Wanda kuma yake zargin cutar, ya ga likita kafin ya daina cin alkama, domin dainawa na ɓoye ta ga awon jini.

Iyayenmu sun tambayi mai nono ido da ido, ta amsa da mutuncinta. Yau rubutun jikin leda ne ke amsawa a madadinta, cikin Faransanci ko Ingilishi, harsunan da da yawa daga masu saye ba sa karantawa. Haƙƙin mai sana'a ne ya rubuta gaskiya, kuma lokaci ya yi da zai rubuta ta da Hausa.